Dutsen da Tanimu Ya Raba da Guduma

Wata rana, a wani gari da ake haƙar duwatsu masu daraja, wani mutum mai suna Tanimu ya jinginar da gonarsa ta gado, ya haɗa jari da abokansa biyu suka buɗe rami.

Tanimu irin mutanen nan ne da suka fi kowa sanin komai. Ko hirar jirgin sama ake yi a majalisa, sai ya yi wa mutane gyara, alhali ko filin jirgi bai taɓa takawa ba.

Akwai 'yar ƙaninsa, Nuratu. Tun tana ƙarama take tsinto duwatsu ta wanke ta ɗaga su a rana. Da ta girma ta ce ilimin duwatsun ado za ta karanta, ta san na gaske da na bogi, ta san yadda ake yanka su.

Tanimu ya yi dariya har da riƙe ciki.

Wai 'ya'yan mutane na karatun likita, tasu ta tafi karatun tsakuwa. Wai in ta gama sai a nema mata aiki wajen masu tifa.

Yarinya ta ci gaba da abinta. Ta gama karatunta, wani kamfanin 'yan gwal ya ɗauke ta aikin tantance duwatsu.

Ana nan sai rabo ya rantse. Leburori suka fito da wani shuɗin dutse garau, ya kai ƙwan agwagwa. Tanimu ya riga ya ga gonarsa ta dawo hannunsa.

Ƙaninsa ya ce a kira Nuratu ta duba tukuna.

Ina! Yarinyar da aka haifa a gabansa? Ga shi cikin su ukun ba wanda ya yarda dutsen ya kwana a hannun wani.

Sai gogan naku ya kawo shawarar da yake ganin ba mai irinta: a raba kowa ya kama nasa, kamar naman watanda.

Ya ɗauko guduma.

Duk dillalin da ya kai wa kasonsa sai ya jujjuya shi, ya taɓe baki, ya miƙo masa. Da ƙafa ta gaji, ya lallaɓa wajen Nuratu, wai hanya ce ta biyo da shi.

Ta haska 'yar fitilarta a cikin dutsen, ta daɗe tana kallo.

"Baffa, wa ya fasa shi?"

"Ni, da hannuna. Ba wanda aka cuta."

"Darajarsa a girmansa take, Baffa. Gudumar ta tsattsage cikinsa kaf. Ko idon zobe ba zai fita ba."

Wallahi ban ji tausayinsa ba, dutsen na ji wa.

Damina na faɗuwa, Tanimu ya tsaya a bakin gonar ubansa yana kallon wani na shuka.

Darasi: Ilimin da kake rainawa bai rage komai ba don ka raina shi, kai ne za ka biya. In ɗanka ya zaɓi fannin da ba ka gane ba, tambaye shi ya yi maka bayani, ka daina ɓaɓatu.

Kowane dangi da nasu Tanimun. Tura masa wannan, ko da zai yi fushi.