Jarumin da ba ya buɗe adakar mutane

Shekaruna tamanin da huɗu a bana, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara talatin da faruwa, a gidanmu na Ogui cikin Inugu.

Ni da yayana muka dawo garin nan bayan an ajiye makaman yaƙin basasa, ba mu da komai sai rigunan jikinmu da mutuncin mahaifinmu. Da arzikin mai ya buɗe, kowane ma'aikaci yana son rediyo da talabijin, sai muka kama wannan sana'a, Allah kuwa Ya sa mata albarka. Tun ranar dawowarmu kwano ɗaya muke ci, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami Yaya, hannun dama ya saki. Daga nan ya daina ci tare da kowa. Sai a kai masa ɗaki ya saki labule, domin mutum irinsa ba ya yarda a gan shi yana kai loma da hagu. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba yaro ba ne, ya wurga shi ƙarƙashin gado. Ni kuwa tuwo ya daina yi mini daɗi.

Ana nan, cikin kayan gwanjo da aka aiko mana daga Anaca sai ga na'urar wasa da ake jona wa talabijin, da kaset guda. Na jona ta a ɗakinsa da sunan gwaji. Labarin wani saurayi ne mai takobi, aka ƙone garinsu, ya shiga duniya yana tara abokan tafiya domin ya kashe dodon da ya tsare wata gada. Kwana biyu Yaya yana kallo ta wutsiyar ido. Ran na uku ya ce, "Malam Bature, sai buga wa bawan Allah kai da bango kake yi. Miƙo nan."

Da hagu ake tafiyar da saurayin, amma sara sai da babban yatsan dama. Na miƙa masa.

Hakika wanda ya tsara wasan nan ya san zuciyar matafiyi. Ƙasar tana da faɗi, kiɗan yana da taushi, abokan tafiya ba sa gudu su bar mutum, kuma duk wahalar da aka sha ana ganin ladanta a ƙarfin jarumin. Amma aibinsa ba ya ɓoyuwa. Taku uku sai wata halitta ta tare hanya. Mutanen ƙauye kuwa magana ɗaya gare su kullum. Ina fassara masa Turancin wani tsoho karo na biyar, sai Yaya ya ce, "Shi ma irin ciwon nawa ne ya taɓa shi?"

Babban aibin shi ne rashin ladabi. Jarumi yakan faɗa gidan mutane, ya buɗe adaka ya kwashe abin ciki, mai gida yana tsaye.

Na ce, "Yaya, buɗe waccan, sulke ne a ciki."

"Na wa?"

"Na mai gidan. Ai haka wasan yake, ba ya hanawa."

"Ba ya hanawa, ko ba a ba shi bakin hanawa ba? Ka manta yadda muka tarar da adakar Inna da muka dawo?"

Ban manta ba. Murfi a ɓalle, ko tsumma babu.

Tun daga nan sai ya tsayar da saurayin a bakin ƙofa, ya yi sallama da bakinsa, ya ɗan jira, ya shiga ya gaisa, ya fito hannu rabbana. Saboda haka jarumin nasa ya zauna ba sulke, dodo yana kashe shi da bugu biyu. Hanya ɗaya ta rage masa ta samun ƙarfi, ita ce yaƙi da ƙananan halittun daji, ɗaya bayan ɗaya, daga hantsi zuwa azahar. Da fari da tafin hannu yake danna maɓallin. Bayan watanni na ga yatsan yana motsi, daga baya yana lanƙwasa da kansa.

Bai taɓa haye gadar ba. Wata safiya muka kunna, muka tarar kaset ɗin ya manta komai: abokan tafiya, ƙarfin da aka tara, duk sun shafe. Na ce a raina shi ke nan, labule zai sake sauka.

Ya daɗe yana duban talabijin. Can ya ce, "Ba yau muka fara dawowa mu tarar babu komai ba." Ya ajiye abin dannawar a kan katifa. "Ce wa Hajiyarka ta haɗa mana kwano ɗaya. A zaure."

Da yatsu uku na hannun dama ya yanki tuwon, miyar kuka tana ɗiga a gaban rigarsa, lomar ta kai baki da ƙyar.

Ya ce, "Kai, ci abincinka, kallon me kake yi?"

Ba ni kaɗai na gani ba. Hajiya, uwargidana, tana tsaye a bakin ƙofa da butar wanke hannu, limamin unguwarmu kuma, Allah Ya jiƙansa, ya shigo dubiya a daidai lokacin, Yaya ya ce masa bismilla.