Zinariya a Bayan Kunnen Yaya

Yayanmu zabiya ne. Tun yana yaro Inna take ɓoye shi daga rana, da ya girma kuwa sai ya zaɓi haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari, wai ramin akwai inuwa. Wani gyambo ya fito masa a bayan kunne ya ƙi warkewa. Likita a Kaduna ya ce ciwon daji ne, a yanke tun bai bazu ba. Yaya ya ce shi da wuƙa haihata-haihata. Na yi lallashi, na yi masifa, na daina iya zama wuri ɗaya.

Ana haka autarmu ta zo hutun Sallah daga jami'a. Bakinta ba ya shiru, wannan yarinya! Muna gyaran shinkafa take ba mu labarin bincikenta: ƙananan dunƙulen zinariya da ido ba ya gani, a sa su cikin ƙwayoyin ciwon daji, a haska musu wani haske, su kashe ciwon su bar lafiyayyen nama. Yaya yana gefe yana jin rediyo. Ashe ba rediyon yake ji ba.

Bayan ta koma, wata rana da azahar na leƙa gidansa. Na tarar da shi a tsakar gida ba hula, ya barbaɗa garin zinariya a gyambon, ya juya wa rana ƙeya. Wuyansa ya yi jawur.

"Innalillahi! Yaya, kashe kanka za ka yi?"

"Ga zinariya, ga haske," in ji shi. "Me ya rage?"

Na kira auta a waya na gaya mata, na ƙara muryar wayar don ya ji. Ta fashe da kuka. "Yaya, ba irin wannan ba ce! Tawa ko a jikin ɓera ba a gwada ba tukuna."

"To, yaushe za ki gama?" in ji Yaya.

Ta yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi masifata aiki, don washegari ya shiga motar Kaduna, na lulluɓe masa kai da mayafina.

A ƙofar ɗakin tiyata ya zaro ƙullin leda daga aljihu ya danƙa mini.

"Ki ba auta," ya ce. "Ƙila zinariya ce ta yi mata kaɗan, shi ya sa take jinkiri."