Karfasa Masu Karkataccen Baya

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Gusau, Baba ya aiko in zo Bungudu. Na tarar da shi bakin tafkin da yake kiwon karfasa, da kwano a hannu. 'Ya'yan kifin ciki duk bayansu ya lanƙwashe, wasu bakinsu ya karkace, suna iyo a gicciye.

"Dubi aikin ƙanena," ya ce.

Baffa yana noman auduga a saman rafin da ke shayar da tafkin, kuma a rafin yake wanke tankin feshi. Da muka je wurinsa, ko tabarma bai shimfiɗa mana ba.

"Yaya, ka kwaso gurɓataccen iri daga Tsafe, ka zo ka ɗora mini? A jininsu abin yake. Kifin gulbi me ya sa bai karkace ba?"

"Guba kake zuba mini da gangan."

"To, kai ni gaban alƙali."

Na ce su ba ni wata biyu. Na samu bahon roba huɗu. Biyu na cika da ruwan rijiya, biyu da ruwan rafi, na raba sabbin ƙyanƙyasa, irin Tsafe da irin gulbi, kowane iri a ruwa biyu. Duk Asabar nake hawo mota in duba su, Inna na canza ruwan tana mita, ta ce na mayar mata da tsakar gida kasuwar kifi.

A ruwan rijiya kusan duka suka tashi a miƙe. A ruwan rafi irin Tsafe suka lanƙwashe da yawa, irin gulbi kuwa kaɗan ne abin ya taɓa. Na tara Baba da Baffa na yi bayani: maganin feshin ne ke ɓata ƙashi tun yana danye, amma irin Tsafe ya gaji raunin da ya sa bai iya jurewa.

Na zaci zan ga sauƙi. Baba ya dube ni ya ce, "Wato ni ban san iri ba? A gaban wannan za ki faɗa?"

Baffa ya sa ƙafa ya kifar da baho ɗaya. "Boko ya sa 'yar yayana ta kira ni mai guba."

Na durƙusa ina tsince kifin daga ƙasa, babu wanda ya taya ni.

Baffa bai daina wanke tankinsa a rafi ba. Kafin kaka Baba ya yashe tafkin ya shuka albasa a wurin. Da Sallah na je gaida Baffa, matarsa ta fito ta ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa a ɗaki. Ban sake taka gidan ba sai ranar jana'izarsa.