Gashin Tsuntsu a Kunnen Alhaji

Ko da zan manta ranar da na fara sauka Dubai, ba zan manta wata Juma'a da gashin tsuntsu guda ɗaya ya kusa zautar da ni ba. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin bincike, muna gwada jini da gashin tsuntsaye don gane dangantakarsu. Muna zaune a gida ɗaya a unguwar Karama da wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayar da yadi, wanda nake kira Alhaji, shi kuma yana kirana Dakta don tsokana. Gaskiya ina da ji da kai a wancan zamanin. Duk sanda ya tambaye ni aikina sai in ce, "Alhaji, abin da wuyar bayani," in wuce.

Akwai wani tsuntsun daji na ƙasashen sanyi da Turawa ke kira kafakeli, baƙi ne, ya kai girman talotalo. A wani daji na Turai sun kusa ƙarewa, waɗanda suka rage kuma duk dangin juna ne, sai ƙwansu ya riƙa zama baragurbi. Kwatsam masu gadin dajin suka hango wani zakaran kafakeli da ba su sani ba, suka tsinci gashinsa guda ɗaya tak. In gwaji ya nuna baƙo ne, za a hana sare zirin dajin da ya biyo ya shigo, don ta nan sabon jini zai riƙa shigo musu. In babu shaida, masu katako sun riga sun wasa zarto.

Da aka aiko mana gashin, ni aka aika in karɓo saƙon bayan sallar Juma'a, ga shi an rufe ofishinmu sai Litinin. Na taho da shi gida ina jin kaina kamar wanda aka ba ajiyar zinariya. Zumuɗi ya hana ni haƙuri, na buɗe ambulan na zura wa gashin ido, har na yi masa hoto. Daga nan na ajiye shi a kan tebur na sauka ƙasa sayen shayi.

Da na dawo sai na tarar da Alhaji a kishingiɗe, ido a lumshe, baki a ɗan buɗe, yana murza wani abu a kunne. Na dubi tebur, ambulan wayam. Na dubi ƙasa, ga burbushin baƙin gashi a kan darduma. Ya fige shi tas, ya bar ɗan tuntu a ƙarshe, yadda ake yi wa gashin kaza a gida.

"Dakta, Allah ya yi maka albarka," ya ce, bai ko buɗe ido ba. "Shekarata nawa a ƙasar nan ban samu abin susar kunne na kirki ba. Wannan na wace kaza ne?"

Kofin shayin ya suɓuce daga hannuna. Na so in yi kuka, sai ga dariya ta ƙwace mini, irin wadda ba ta tsayawa. Na durƙusa a gabansa ina cewa, "Alhaji, don girman Allah kada ka motsa. Daji guda ne a kunnenka."

Na karɓe shi a hankali. Sai na ga gindin gashin, inda abin da muke gwadawa yake, yana nan lafiya lau, don ta nan ya riƙe. Na yi tsalle, na zagaya teburin, na rungume shi har hularsa ta faɗi.

A ranar ne dole ta sa na zauna na yi masa bayanin da na daɗe ina hana shi. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"To, wannan ne mai wuyar?" ya ce. "Mahaifiyata ba ta barin zakara ya shekara biyu a gidanta. Sai ta kai shi wani ƙauye ta yi musaya, ta ce kaji in suka auri juna ƙwai ba ya ƙyanƙyasuwa. Khalas, shi ke nan, da ka faɗa mini tun farko, da ni zan yi gadinsa."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ranar Litinin na faɗa wa shugabata gaskiya. Ta daɗe tana kallon figaggen gashin kafin ta ce mu gwada. Bayan kwanaki sakamako ya fito: zakaran baƙo ne, ba ɗan dangi ba. Na fito daga jirgin ƙasa a guje, na haye bene ina haki, na sanar da Alhaji. Ya ce to a rubuta cewa da kunnensa aka yi aikin. Daga baya muka ji an bar zirin dajin.

Na yi masa tsarabar gashin zabo da na je gida hutu, ya ce bai kai wancan daɗi ba.

Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni aikina sai in ja kujera in zauna in yi masa bayani. Abin da na ƙetare teku na koyo, wata tsohuwa a ƙauyen Maraɗi ta riga ni saninsa, ni kuwa raini ya hana ni tambayar ɗanta.