Inuwa Mai Kiran Shehu

Malam Inuwa mutumin Zawaciki ne, gajere mai faɗin kafaɗa. Noma ya gada, amma da aka yi fari ya ƙone masa gona shekara biyu a jere, sai ya rataye fartanya ya shiga wata majema a Sharada, yana sauke fatu daga mota zuwa sito.

Baƙadire ne tun kakanni. In zai ciccibi ɗaurin fata, sai ya ja numfashi ya ce, "Ya Rasulallah! Ya Shehu Abdulƙadir!" Har bakin ƙofar kamfani ana jinsa. Haka ya ji mahaifinsa yana yi a bakin rumbu, shi ma bai taɓa ɗaga kaya bakinsa a rufe ba.

A shekararsa ta shida aka kawo sabon heluma, wato shugaban leburori, wani matashi mai suna Uwaisu, wanda ya rungumi wa'azin masu yaƙi da bidi'a. Ran nan ya tare Inuwa a gaban leburori.

"Malam, wannan kiran da kuke yi shirka ne. Allah kaɗai ake kira."

Inuwa ya dire kayansa. "Ɗana, yaushe na ce Shehu Allah ne? Masoyin Allah ne, da shi nake kamun ƙafa. Kai da ka zo neman aikin nan, ba ta wajen kawunka ka biyo ba?"

Wuri ya kaure da dariya. Uwaisu ya ƙullace shi, ya kai wa manaja ƙara, wai ihunsa yana firgita masu aikin inji. Manaja ya ba Inuwa zaɓi: ko ya kama bakinsa, ko a mayar da shi ramukan da ake jiƙa fatu a ruwan magani, inda wari ke hana mutum cin abinci.

"Ranka ya daɗe, ƙarfina kuka ɗauka aiki, ba harshena ba," in ji Inuwa. Ya tattare wandonsa ya nufi ramukan.

Kafin wata biyu hannayensa duk sun tsattsage. Matarsa Asabe tana shafa masa man kaɗanya tana roƙonsa. "Malam, ku riƙa faɗa a zuci mana. Ai Allah yana ji."

"Yana ji. Amma in na yi shiru don tsoron heluma, to heluman na koma bauta wa."

Shekara biyar ya yi a ramukan nan, bai nemi sauyi ba, bai kuma sassauta murya ba. Da kamfani ya rage ma'aikata, rana ɗaya aka sallame su, shi da Uwaisu. Inuwa ya koma gida ya kama lambun albasa. Shi da Uwaisu sukan haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, su gaisa hannu bibbiyu, kowa na nan a kan bakansa.