Wa Ya Yi Naƙudar 'Yar Damagaram?

Shekarun baya, ina karatu a Yamai, ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Kirkissoye da ƙawata, Kirista 'yar Maraɗi. Ni lokacin littattafan soyayya sun cinye min kai, ko takardar magani na gani sai in nemi masoyi a ciki.

Wata ranar Lahadi ta tafi coci ta bar kayenta na rubutu a buɗe. Na leƙa, na ga ta rubuta cewa yana ƙaunarta tun ba ta san shi ba. Kafin ta dawo har na zaɓa mana anko.

"Ƙawa, waye shi? Ɗan unguwar Plateau ne mai mota?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Ubana ne na sama. Ni 'yar Allah ce."

A tunanina, inda akwai 'ya akwai aure, akwai naƙuda da suna. Kwana huɗu ban ci abinci da ita ba, na fara cigiyar wani ɗaki a ɓoye.

Rana ta biyar ta kwaɗa kopto, wato kwaɗon zogale, ta ajiye kwanon tsakaninmu.

"Ke 'yar ina ce?"

"'Yar Damagaram."

"Allah sarki. Damagaram ta sha wuya wajen naƙudarki?"

Na danne dariya da ƙyar. Ta ce haka su Kiristoci suke nufi, kusanci ne da riƙo irin na uba, babu mata babu haihuwa. Na ce to Annabi Isa fa? Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, a wurinsu nasa ya fi ƙarfin kwatancen Damagaram, amma shi ma ba irin abin da nake zato ba ne.

"Ni dai ba zan faɗi haka ba," na ce.

"Wa ya ce ki faɗa? Wanke hannu."

Na wanke. Shekara uku muka ƙara a ɗakin.

Har yau aƙidata na nan inda take, tata ma haka, kowa ta san inda muka rabu. Abin da ke ba ni kunya shi ne na kusa rabuwa da ita a kan maganar da ba ta taɓa faɗa ba. Ni na ƙirƙiro ta, ni kuma na yi fushi da ita.