Ƙwan Fatahu a Cikin Akoli

Fatahu mutumin Tahoua ne. Ya zo Arlit lokacin da uraniyum ke tashe, ya samu aikin tuƙa motar kwasar dutse a wurin haƙa. Ba ya tsoron rami, ba ya tsoron nakiya, amma in ya hangi allura sai gumi ya karyo masa.

Da ya fara ramewa, tuwo ya daina zama masa, abokan aiki suka kai shi asibitin kamfani. Likita ya ce ciwon daji ne a tumbinsa, sai an yanke wani sashe.

"Amma ba yanzu ba," in ji likita. "Jikinka ba zai ɗauki aiki ba. Sai ka murmure tukuna."

Fatahu ya riƙe wannan maganar da kyau. In murmurewa ce za ta kai shi ga wuƙa, to shi da ita har abada.

Aka ɗora shi kan dafaffen ƙwai, madara da kunun gyada mai kauri. Da zarar mai jinya, Zinariya, ta ba da baya, sai ya miƙa wa maƙwabcin gadonsa Akoli, wani makiyayi daga Gougaram da raƙumi ya karya wa ƙafa. Akoli ya sassauta rawani, kwano ya dawo fes.

Duk sanda Zinariya ta ɗora Fatahu a sikeli, yana nan jiya i yau.

"Baba Fatahu, ina abincin nan yake tafiya?"

"Wallahi, 'yata, duk ciki yake shiga."

Bai dai faɗi cikin wa ba.

Asiri ya tonu ranar da matar Akoli ta zo dubiya. Ta kalli kumatun mijinta, ta kalli damtsensa, sannan ta roƙi Zinariya sunan maganin da ake ba shi, wai tana so ta saya wa awakinta.

Zinariya ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera tsakanin gadajen biyu ta zauna.

"Baba, ko ka ci ko ba ka ci ba, aikin nan sai an yi shi. Cin ne zai tashe ka bayansa."

Fatahu ya jawo kwanon kunun gabansa. "Tsoro nake ji," ya ce a hankali. Sannan ya ɗauki ludayi.

Akoli kuwa, da ya ga romonsa ya yanke, sai ya koma ɗan leƙen asiri. Ko rabin ƙwai Fatahu ya tura ƙarƙashin matashi, sai ka ji ya ƙwala wa Zinariya kira.

Aka yi aikin, Fatahu ya tashi. Tumbinsa ya zama ɗan ƙarami, aka ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Tuƙi ya fi ƙarfinsa, aka mai da shi gadin ƙofa a unguwar ma'aikata ta Akokan. Nan ya shekara da shekaru, kuma babu gidan da za a sauke tukunya a unguwar bai yi sallama da ƙaramin kwanonsa ba. In matan gida suka yi masa tsiya, sai ya ɗaga riga ya nuna musu ɗinkin, ya ce umarnin likita yake bi.